Littafin Aji Da Littafin Ƙarƙashin Tebur

Tarihin ƙagaggun labarai na Hausa, in ana ba da shi a ajin makaranta ko a zauren taron ƙungiya, kusan kullum tarihin marubuta ne da na hukumomin da suka buga masu littattafai. A ce wane ya rubuta kaza a shekara kaza, hukuma kaza ta shirya gasa, a tafa, a tashi. Ba kasafai ake waiwayar mutumin da aka sha duk wannan wahala dominsa ba, wato mai karatu. Ta wace hanya littafin ya iso hannunsa? Da kuɗin wa aka saya? A gaban malam ya karanta shi, ko kuwa a ɓoye? A ganinmu amsar waɗannan tambayoyi ita ce ta yanke wa kowane littafi irin rayuwar da ya yi, kuma ita ta sa a yau wasu littattafan suna nan daram a kan kanta, wasu kuwa ko kwafi ɗaya nasu ya gagara samu.

Hanya biyu littafin hira ya bi ya shigo rayuwar Bahaushe mai karatun boko. Akwai wanda hukuma ta buga, makaranta ta saya, malam ya raba a aji. Akwai kuma wanda aka ara, ko aka karɓo haya, aka karanta shi a ƙarƙashin tebur ko a hasken aci-bal-bal bayan an yi barci. Mu da muka yi sakandare a shekarun 1990 mun sha daga duka rijiyoyin biyu a lokaci guda, shi ya sa muke ganin muna da abin cewa a kansu.

Littafin aji shi ne yayan. A shekarar 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zauna a Zariya aka sake mata suna Hukumar Talifi. Damuwar shugabanta, Rupert East, ita ce an koya wa yara karatu da baƙaƙen boko, amma ba su da abin da za su karanta don nishaɗi in sun bar aji. Ba wai ƙasar Hausa ba ta da rubutu ba ne. Malamai sun daɗe suna rubuta waƙoƙi da wa'azi da tarihi cikin Larabci da ajami. Abin da ba a saba ba shi ne dattijo mai ilmi ya zauna ya ƙaga labarin da bai faru ba, domin wannan aikin tsofaffi mata ne da yara a dandali. Saboda haka a 1933 East ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su gwada. Abin da ya fito daga wannan gasa shi ne littattafan nan biyar da kowane ɗalibin Hausa ya haddace sunayensu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi wanda John Tafida da shi East ɗin suka haɗa hannu suka rubuta.

Haddace suna dabam, karatu dabam. Sau da yawa mukan tarar da matashi mai sha'awar rubutu ya jero su biyar ɗin ba gargada, amma in aka ce ya ba da labarin ɗaya daga ciki sai ya fara sosa ƙeya. To, ga ra'ayinmu a kansu, wanda ya ga dama ya musa a fitowa ta gaba.

Ruwan Bagaja ya cancanci sunan da ya yi. Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, lokacin da ya rubuta shi, kuma ƙuruciyar tana nan a cikin littafin: gudu, da raha, da keta. Neman ruwan maganin hujja ce kawai ta tafiya; abin da ke riƙe mai karatu shi ne ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan, gobe wancan ya rama. Wanda yake son ya koyi yadda ake sa mutum biyu su yi magana a takarda har a ji muryar kowa dabam, nan zai fara. Ganɗoki kuwa rabinsa na farko ya fi, inda ake yaƙi da Turawa a ƙasar da muka sani. Da jarumin ya shiga duniyar aljannu sai labarin ya zama kirari tsagwaronsa. Idon Matambayi labarin ɓarayi ne mai daɗin karatu sau ɗaya.

Amma littafin da muke ganin an fi zalunta shi ne Shaihu Umar, domin sunan mai shi ya danne shi. Ana tuna cewa Firayim Ministan Nijeriya na farko ne ya rubuta, ana tuna cewa Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976, amma ba a cika tsayawa a kan abin da ke cikinsa ba. Labari ne na bauta, wanda aka rubuta a lokacin da waɗanda aka taɓa kamawa aka sayar suna nan da ransu a cikin gari. An sace yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi ilmi, ya zama shaihi. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, ita ma aka kama ta, aka ratsa Hamada da ita, ta sha azaba, ba ta sake ganinsa ba sai a Tarabulus tana gab da cikawa. Marubucin bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Bai tsaya ya yi wa mai karatu huɗuba a kan sharrin cinikin bayi ba, ya bar tafiyar matar nan ta yi magana. Marubutanmu na yau da ke tsayar da labari a tsakiya su yi shafi uku suna nasiha, su koma su ga yadda aka yi a 1934. Jiki Magayi ma haka: mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya sha alwashin ramawa, ramuwar ta faɗa kan ɗan da aka haifa, ya tashi ɓarawo, har ya zama ajalin ubansa. Duk wanda ke cewa labarin soyayya da auren kuɗi baƙon abu ne da 'yan Kano suka ƙirƙiro a shekarun 1980, bai karanta wannan ba.

Sai uban tafiyar, Magana Jari Ce, wanda Imam ya rubuta a Zariya a 1936, aka buga shi littafi uku kafin ƙarshen shekarun 1930. Babu littafin da aji ya ɗaukaka kamarsa, kuma babu wanda aji ya wahalar kamarsa. An ɗaukaka shi domin tun daga wancan zamani ba a daina buga shi ba. Kakanni sun karanta, jikoki sun karanta. An wahalar da shi domin an mayar da shi magani. Yaro ya tashi ya karanta sakin layi ɗaya cikin in'ina, a ce zauna, na gaba ya ɗora, a buga ƙararrawa aku bai kai ƙarshen labarinsa ba. A ƙarshen zango a tambayi sunan sarki da sunan ɗansa. Mu da muke riƙe da alli mun san yara nawa ne suka fita daga sakandare suna jin sunan littafin kamar sunan bulala. Alhali kuwa littafi ne da aka gina a kan dabarar hana mutum tashi: akun nan yana ba Musa labari bayan labari ne don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri.

Akwai kuma maganar aro, wadda masana suka daɗe suna tattaunawa. Gaskiya ne Imam ya ɗebo da yawa daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya. Labarin Sarkin Busa da na Kalala da Kalalatu duk suna da 'yan'uwa a Turai. Amma a ba wa tsohuwa a ƙauye labarin Kalalatu da kajin baƙo, a ga ko za ta ce ba a bayan gidanta aka yi ba. Wannan shi ne darasin da mai son rubutu zai ɗauka: aro ba laifi ba ne, laifin shi ne a dawo da riga yadda aka aro ta, ba a rage mata wuya ba, ba a yi mata aiki ba.

Daga nan tarihi ya yi ta tafiya a hannun hukuma. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairu na 1939, Imam yana edita. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta yi ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna domin ɗaliban Yaƙi da Jahilci, har aka rufe ta a 1959. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya, ya gaji tsofaffin littattafan ya ci gaba da buga su. An sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Nagari Na Kowa na Jabiru Abdullahi, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo. Amma in aka lissafa shekarun aka lissafa littattafan, za a ga fari ne aka yi mai tsawo. Mai son karatu yakan cinye abin da ke akwai cikin hutu ɗaya, sa'an nan ya koma farko. A wannan farin ne, a ganinmu, aka haifi littafin ƙarƙashin tebur, kuma na farkonsa shi ne Dare Dubu Da Ɗaya, wanda saboda wasu wurare da ke cikinsa ba malamin da zai karanta shi da ƙarfi a gaban yara, yaran kuwa sun san shafukan sarai.

Gasa biyu suka kawo ruwan farko. Ta NNPC a ƙarshen shekarun 1970 ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda shi ne ƙagaggen labarin Hausa na farko da aka buga na mace. An buga su a 1980. Ta Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya kuma ta ba mu, a 1982, Turmin Danya da Tsumangiyar Kan Hanya da Zaɓi Naka da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Na ƙarshen nan, na Bature Gagare, har yau ba a yi irinsa ba. Mailoma ya dawo daga yaƙin basasa da bindiga da zuciyar da ta bushe, ya tara 'yan ta'adda, ya shiga kisa da fataucin miyagun ƙwayoyi. Lokacin da ya fito, wasu sun ɗauke shi shaci-faɗi irin na fim. Wanda ya sake buɗe shi yanzu, bayan abin da dazuzzukan Zamfara da Katsina suka zama, tsigar jikinsa za ta tashi.

Duk waɗannan hukuma ce ta zaɓa, hukuma ta buga. Abin da ya sauya al'amari shi ne abu biyu da ba su da alaƙa da adabi kai tsaye. Na farko shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, UPE, wanda aka fara a 1976. Kafin shekara goma ta cika, an sami dubban samari da 'yan mata da suka iya karanta Hausa, da yawansu ba su yi nisa a Ingilishi ba, kuma 'yan matan da dama an yi masu aure suna zaune a gida. Na biyu karyewar tattalin arziki da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, wanda ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja da baya suka tsaya ga littattafan makaranta masu tabbacin kasuwa. Ga masu ƙishirwa, ga rijiya a rufe. Sai matasa suka fara haƙa tasu.

Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko, a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, sa'an nan Alhaki Kwikwiyo da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991. Su biyun, da Ɗan'azumi Baba, su ne ginshiƙan ƙungiyar Raina Kama a Kano. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa, Bala Anas Babinlata da wasu da yawa suka cika kasuwa. A karo na farko a tarihin rubutun boko na Hausa, kuɗin mai karatu ne ke yanke hukunci, ba alƙalin gasa ba. Shi ya sa ake raba labari ɗaya kashi biyu ko uku: marubuci ya buga na ɗaya da ɗan abin da ya tara, in ya sayu ya buga na biyu da ribar. Shi ya sa kuma kowane kashi ke ƙarewa a daidai inda rai ya fi tashi. Talauci ne ya koya masu wannan dabara, amma dabarar akun Imam ce.

Kuma kwafi ɗaya ba na mutum ɗaya ba ne. A unguwanni akwai masu ba da haya, a biya 'yan kwabbai a riƙe kwana ɗaya ko biyu. Matan aure su aiki yara su karɓo. A makarantun kwana littafi ɗaya yakan zaga ɗakin kwana duka har bangonsa ya cire, a ɗinke shi da zare da allura, a ci gaba. Wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata, ko ta saurara a rediyo. Mun ga ɗalibin da bai taɓa gama Magana Jari Ce na ɗaya ba ya cinye In Da So Da Ƙauna a dare guda don ya ga abin da ya sami Sumayya bayan ta faɗa rijiya, kuma daga nan ne ya zama mai karatu har yau.

Masana ba su yi shiru ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onisha, yana ganin ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya masu, aka yi ta fafatawa a jaridar Nasiha da New Nigerian cikin shekarun 1990. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Ba mai musun cewa da yawa daga cikinsu ba su san ƙa'idar rubutu ba, an haɗe inda ya kamata a raba, an raba inda ya kamata a haɗe, wasu kuma finafinan Indiya ne aka sauya wa jarumai suna kawai, irin rigar aron da muka ambata. Amma a cikin tarin nan ne Alhaki Kwikwiyo yake, inda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda sabuwar mata, ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Ba mu san wani littafin aji da ya shiga tsakar gidan Bahaushe ya faɗi abin da ke faruwa a can da irin wannan ƙarfin hali ba. Wanda zai karanta uku kacal daga wannan zamani, ya haɗa shi da Wa Zai Auri Jahila? da In Da So Da Ƙauna, sa'an nan ya zo a yi gardama.

To, ina suke yanzu? A nan ne bambancin hanyoyin biyu ya fito fili. Littafin aji yana da kamfani a bayansa da manhaja a gabansa, saboda haka ko ba a ƙaunarsa ba ya mutuwa. Littafin ƙarƙashin tebur kuwa an buga shi a takarda mafi araha, sau da yawa ba shekara a jikinsa, ba a kai kwafinsa ɗakin karatu na ƙasa ba, kuma ɗakunan karatu na makarantu ba su karɓe shi ba tun farko. Da fim ɗin bidiyo ya yi ƙarfi a ƙarshen shekarun 1990, marubuta da dama suka koma can, masu haya suka sauya kaya. A 2007 har an tara irin waɗannan littattafai an ƙone a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Abin da wuta ba ta ci ba gara ta ci, abin da gara ta bari mai ƙosai ta naɗe. Ɗaya daga cikin manyan tarin da ya tsira yana Landan, a makarantar SOAS, inda Graham Furniss ya tattara. Alhaki Kwikwiyo kuma, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, wani kamfani ne a Indiya ya buga shi a 2012. Shahararrun suna da masu nemansu. Ɗaruruwan da ba su yi suna ba, waɗanda su ne za su nuna wa mai bincike yadda mutane suke magana da tunani a wancan lokaci, su ne ke ɓacewa.

Yau teburin yana nan, amma abin da ke ƙarƙashinsa waya ce. Ana rubuta labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, a biya kuɗi a shiga zaure, a jira ci gaba gobe, kamar dai yadda ake jiran littafi na biyu a da. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da marubuta mata masu kyau. Sai dai wannan sabon rubutu ya fi na da saurin lalacewa, domin in waya ta faɗa ruwa ko aka rufe zaure, shi ke nan. Kuma da yawa daga masu yin sa ba su karanta Shaihu Umar ba domin aji ya sa sun tsane shi, ba su karanta Balaraba ba domin ba su same ta ba, suna ta sake ƙirƙiro abin da aka riga aka yi.

Shawararmu ga rassan ƙungiya ita ce kowane reshe ya sami akwati ko kabad guda, ya sa mutum ɗaya mai amana a kansa, kowane ɗan ƙungiya ya kawo abin da ya samu na shekarun 1984 zuwa 2000, komai yagewarsa. A rubuta sunan littafi da na marubuci da maɗaba'a, in babu shekara a tambayi mai shi yaushe ya saya. A ɗauki hoton shafukan da waya kafin a ajiye. Kada a nema a kantin littattafai, ba su can. Suna ɗakin gwaggo da inna, a ƙasan akwatin aure, ƙarƙashin zannuwan da aka daina ɗaurawa. A je da ladabi, a yi alkawarin dawo da su bayan an ɗauki hoto, a kuma cika. Wanda ya sami littafi na uku na kowane labari ya kawo shi da gaggawa, domin shi ne wanda aka fi ara ba a mayar ba.